Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu, wadda aka yi mini taron dangi a cikinta har aka hana ni kai aya. Tun da baki ya kasa, na ga gara in kawo maganar nan, inda ba mai katse ni, kowa kuma ya auna ta da hankalinsa.

Ina da wani aboki ɗan ƙwallon kwando, wanda in watan Maris ya kama ba ya barci, sai ya kwana riƙe da waya yana kallon gasar jami'o'in Amurka. Ran nan ya ba mu labarin wata ƙaramar jami'a mai suna Hartford, wadda 'yan wasanta suka kai ta babbar gasar ƙasar karo na farko a tarihinta, amma ba a yi wata biyu ba shugabanninta suka ce sun fasa, za su fitar da ita daga sahun manya su mai da ita sahun ƙanana. Abokin nawa ya ce waɗannan shugabanni matsorata ne, maciya amana, ba su san darajar wasa ba. Duk ɗakin aka ce haka ne. Ni kuwa na ce sun yi daidai, har ma sun makara. Nan fa aka yi mini ca. To, ga hujjojina, sai a karanta da haƙuri.

Kafin in shiga labarin ya kamata in warware wa wanda bai sani ba yadda abin yake, domin ya sha bamban da abin da muka saba. A Amurka mafi yawan wasannin jami'o'i suna ƙarƙashin wata hukuma ce da ake kira NCAA, wadda tushenta ya faro a 1906, bayan samari da dama sun mutu a filin ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ta fi kama da zari-ruga. A 1973 hukumar ta kasa jami'o'i rukuni uku. Rukuni na Ɗaya shi ne na manya, inda ake ba ɗalibi sukolashif saboda iya wasansa, ake nuna shi a talabijin, kuma dole jami'a ta riƙe aƙalla ƙungiyoyin wasa 14, na maza da na mata. Rukuni na Biyu tsaka-tsaki ne. A Rukuni na Uku kuwa an hana ba da sukolashif don wasa. Ɗalibi zai shigo ta ƙofar da kowa ya shigo, sa'an nan in yana so ya yi wasa. Jami'o'in Rukuni na Ɗaya sun haura 350, na Rukuni na Uku kuwa sun haura 400, watau su ne ma suka fi yawa.

Abin da ke ruɗin jama'a shi ne gasar ƙwallon kwando ta maza ta Rukuni na Ɗaya, wadda ake yi kowane watan Maris, wanda aka ci sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Amurkawa na kiranta Haukan Maris, wasu kuma su ce Babbar Rawa. Kuɗin da ke cikinta ba na wasa ba ne: a 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sa hannu za su biya dala biliyan 8.8 don su riƙa nuna ta daga 2025 zuwa 2032. Kowace ƙaramar jami'a da ta kutsa Rukuni na Ɗaya, mafarkinta ke nan, wata rana a buga mata ganga ita ma ta shiga fili ta taka.

Ita Jami'ar Hartford tana jihar Connecticut ne, kuma ba ta gwamnati ba ce, da kuɗin makarantar da ɗalibai ke biya take rayuwa. An kafa ta a 1957, lokacin da aka haɗe makarantu uku: ta zane-zane, da ta kiɗa da waƙa mai suna Hartt, da wata kwaleji mai suna Hillyer. Ɗalibanta duka ba su kai 7,000 ba. A 1984 ta shiga Rukuni na Ɗaya. Daga nan sai da ta yi shekara 37 ƙungiyar mazanta ba ta leƙa Babbar Rawa ba. A watan Maris na 2021 Allah ya nufa suka ci kofin gungunsu, watau America East, suka sami shiga cikin ƙungiyoyi 68 na wannan shekara. Aka haɗa su da Jami'ar Baylor ta jihar Texas, aka lallasa su da ci 79 da 55, suka dawo gida. Baylor ɗin kuwa ita ta ɗauki kofin ƙasa a shekarar. Ranar 6 ga Mayu, 2021, majalisar gudanarwar jami'ar ta yanke shawarar komawa Rukuni na Uku, ta ɗiba wa kanta wa'adi zuwa 2025.

Ba sai an faɗa ba, ƙura ta tashi. 'Yan wasa suka yi zanga-zanga, wasunsu suka kai jami'ar kotu, a wajen bikin yaye ɗalibai kuma aka yi wa shugabanta, Gregory Woodward, ihu har ya fice. Ban ga laifin yaran ba, kuma zan dawo kan wannan. Amma ihu ba ya biyan bashi, saboda haka mu duba lissafi.

Jami'ar ta ɗauko wani kamfanin masana harkar wasanni ya bincika mata, rahotonsa ya nuna sashen wasanninta yana cin kusan dala miliyan 13 a shekara fiye da abin da yake kawowa. Jama'a, ku raba miliyan 13 a kan ɗalibai ƙasa da 7,000, za ku ga kowane ɗalibi yana ɗauke da kusan dala 2,000 a shekara. Wannan kuwa a makarantar da kuɗin karatunta na shekara ya haura dala 40,000 kafin a yi wa mutum rangwame, a ƙasar da bashin karatu da ke wuyan jama'a ya haura dala tiriliyan 1.7. Watau yarinyar da ta zo koyon aikin jinya, wadda ta ci bashi, take wankin kwanuka a gidan abinci da daddare don ta sayi littafi, ita ce ke biya wa 'yan ƙwallo kuɗin jirgi da otal, ko da kuwa ba ta taɓa taka ɗakin wasan ba. Ba a shawarce ta ba, kuma ba ta da jarida ko talabijin da za su yi mata kuka. Duk masu kukan an ci amanar 'yan wasa, ban ji wanda ya ambaci wannan yarinya ba.

Abokina ya ce ai shiga Babbar Rawa kaɗai ya isa ya mai da kuɗin. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Gaskiya ne kowane wasa ɗaya da ƙungiya ta buga a gasar yana jawo kusan dala miliyan 2. Sai dai ba a hannun jami'ar ake danƙa su ba. Gungun da take ciki ake ba, a biya kaɗan-kaɗan cikin shekara 6, su kuma su raba tsakaninsu. A 2021 jami'o'i 10 ne a gungun America East. In an raba daidai wa daida, abin da zai zo hannun Hartford bai wuce dala 33,000 da 'yan kai a shekara ba, watau bai kai kuɗin makarantar ɗalibi ɗaya ba. Shekara 37 ana zuba kuɗi ana jiran wannan rana, da ta zo ga abin da ta kawo. Ɗan kasuwar da ya yi irin wannan ciniki a Kantin Kwari, 'yan'uwansa ne za su taru su karɓe mabuɗin shagon tun bai ƙarar da gadon marayu ba.

Wani zai ce laifin Hartford ne da ba ta iya wasan ba, da ta riƙa cin kofi da kuɗi sun shigo. To, mu leƙa maƙwabciyarta. A jihar nan ta Connecticut akwai babbar jami'ar gwamnati da ake kira UConn, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota, wadda ma takan buga wasu wasanninta a tsakiyar birnin Hartford. Mazanta sun ci kofin ƙasa sau 6 tsakanin 1999 da 2024, matanta kuwa sau 12 tsakanin 1995 da 2025. Duk Amurka da wuya a sami gidan ƙwallon kwando da ya fi wannan. Amma duk da haka a 2019 sai da aka cike wa sashen wasanninta giɓin da ya haura dala miliyan 40 daga aljihun jami'a da na ɗalibai, a 2020 kuma ta ba da sanarwar soke ƙungiyoyin wasa huɗu don rage kashe kuɗi. In giwa tana nishi da wannan kaya, me ya kai akuya ɗauka? Kuma mutumin Connecticut da yake da kuɗin tikiti ɗaya a aljihu, wa zai je kallo, zakarun ƙasa ko waɗanda suka yi shekara 37 suna jira a bakin ƙofa?

Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici a rayuwar ƙananan jami'o'in Rukuni na Ɗaya. A watannin Nuwamba da Disamba manyan jami'o'i sukan biya su dubban daloli don su zo gidansu a ci su a gaban 'yan kallo. Kowa ya san yadda wasan zai ƙare tun ba a fara ba. Babbar tana neman nasarar da za ta ƙawata lissafinta, ƙaramar tana neman abin cike giɓi. Sai a kwashi yara a tsakiyar zangon karatu, daga wannan jiha zuwa waccan, a yi ta jibgarsu, ofis yana karɓar cek. In wannan ba shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, ban san mene ne ba. Doka ta ce kada a sa ɗan wasa aikin wasa fiye da awa 20 a mako, amma ba a lissafa awoyin tafiya a ciki, kuma ranar gasa awa 3 ake rubutawa ko da ta cinye yinin duka. Mu da muke ɗalibai mun san abin da rasa lacca uku a jere ke yi wa mutum, balle a ce duk mako haka.

Kada kuma a ruɗe mu da sunan da suke kiran yaran nan, wai ɗalibi ɗan wasa. Sunan yana da tarihi. A 1955 wani saurayi mai suna Ray Dennison ya mutu sanadin bugun da ya samu a ka yana yi wa wata ƙaramar kwaleji, Fort Lewis ta jihar Colorado, wasan ƙwallon Amurka. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, a 1957 babbar kotun jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa shi ba ma'aikacin kwalejin ba ne a filin wasa. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA fiye da shekara 30, ya amsa da kansa a littafin da ya fitar a 1995 cewa sun ƙirƙiro sunan ne don kauce wa irin wannan diyya. Ke nan tun asali an gina harkar yadda riba za ta hau sama, hatsari kuwa ya tsaya a jikin yaro.

Yanzu bari in ɗauko hujjojin abokan gardamata, don kada a ce na tsere musu. Ta farko ita ce lissafin miliyan 13 ɗin nan an kumbura shi. Masu goyon bayan 'yan wasan sun kawo nasu masanin tattalin arziki, wanda ya ce babban kaso na abin da ake kira asara sukolashif ne, shi kuwa sukolashif rangwame ne, ba kuɗi ne da ake fitarwa daga asusu ba; kujerar aji tana nan, gadon kwana yana nan, ko an ba ɗan wasa ko ba a ba shi ba. Ya kuma ce da yawa daga 'yan wasan rabin rangwame suke samu, suna biyan sauran. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma na yarda abin da jami'ar za ta tsira da shi yana iya gazawa abin da rahoton ya faɗa. Amma albashin koci-koci da mataimakansu ba rangwame ba ne, haka kuɗin jirgi da otal da likitoci da gyaran fili. Shi kansa rangwamen ai zaɓi ne. In jami'a tana da ikon yafe wa ɗalibai ɗari biyu kuɗin makaranta, don me za ta ce sai masu tsayi da iya tsalle? Makarantar da sunanta ya fito ta wajen kiɗa da zane, ina laifin ta yafe wa ɗan talakan da ya iya goge, ko wanda kansa ke ja a lissafi?

Hujja ta biyu ita ce suna. Wai dare ɗaya a talabijin ya fi tallar shekara goma, yara za su ji sunan jami'ar su yi ta neman shiga. Abokina ya kawo misalin UMBC, 'yar gungun su Hartford, wadda a 2018 ta kayar da Virginia, ta ɗaya a jerin gwanaye, duniya ta ɗauka. Haka aka yi. Amma tun 1985 da aka fara haɗa na 16 da na ɗaya a gasar maza, har zuwa 2025, sau biyu kacal ƙaramar ta yi nasara: UMBC a 2018, da Fairleigh Dickinson da ta kayar da Purdue a 2023. Sau biyu cikin shekara 40, alhali kowace shekara ana yin irin wannan karo har huɗu. Wanda ya gina kasafin kuɗin makaranta a kan wannan, da shi da mai buga caca duk ɗaya ne, illa dai shi ɗan caca da kuɗinsa yake yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma ina tambayar malamaina: a cikinku akwai wanda zai tura ɗansa wata jami'a ya ci bashin shekara huɗu don kawai ya ga 'yan ƙwallonta sun sha kashi a talabijin?

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta sa abokina ya ɗaga murya. Ya ce sukolashif ɗin wasa ƙofa ce ga ɗan talaka, musamman baƙar fata na Amurka da irinmu 'yan Afirka, kuma duk jami'ar da ta sauka Rukuni na Uku ta rufe wannan ƙofa. Ya kawo misalin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ƙwallon kwando ta kai shi Amurka, har a 2019 yana shugabancin Toronto Raptors suka ci kofin NBA. Na ji daɗi da ya kawo wannan suna, domin ni ya taimaka. Ujiri ba ta Rukuni na Ɗaya ya shiga ba. Bismarck State ya fara zuwa, a jihar North Dakota, wadda a lokacin kwaleji ce ta shekara biyu. Kuma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, da kansa ya kai inda ya kai, watau da iya gano gwani da iya sarrafa jama'a. Ƙofofin da irinsa ke bi suna nan, a kwalejojin shekara biyu da Rukuni na Biyu. A Rukuni na Uku ma mafi yawan 'yan wasa suna samun tallafi, sai dai don ƙoƙarinsu a aji ko don rashin halin iyayensu ake ba su, saboda haka in gwiwa ta lalace ko koci ya canza ra'ayi, karatu ba ya tafiya tare da su.

Batun zama ƙwararren ɗan wasa kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Maza fiye da 5,000 ne ke buga ƙwallon kwando a Rukuni na Ɗaya, waɗanda NBA ke zaɓa a shekara kuwa ba su wuce 60 ba, a cikinsu har da waɗanda suka zo daga Turai da sauran ƙasashe ba su bi ta jami'ar Amurka ba. In an tashi yabon Hartford a ƙwallon kwando ta maza, sunan da ake ambata shi ne Vin Baker, wanda Milwaukee ta ɗauka a 1993. Sauran ɗaruruwan da suka bi bayansa, takardar digiri ce ta ci da su, in sun sami sukunin karanta ta.

Na yi alkawarin dawowa kan yaran da suka yi ihu. A nan kam ba zan wanke shugabannin jami'ar ba. An je gidajen yaran nan an zauna da iyayensu, an ce su zo su buga Rukuni na Ɗaya, wasunsu sun ƙi wasu makarantu saboda wannan alkawari. Sa'an nan suka yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin makarantar, kafin gumi ya bushe suka ji a bakin 'yan jarida cewa ana shirin sauke su. Ko da yake jami'ar ta ce za ta ci gaba da biyan sukolashif ɗin waɗanda suka riga suka shigo, wannan bai goge rashin kyautawar ba. Kamata ya yi a tara su a gaya musu tun da wuri, a buɗe littafin lissafi kowa ya gani. Amma rashin iya sallamar baƙo dabam, dacewar a sallame shi dabam. Likitan da ya gaya wa majiyyaci cutarsa da gatsali ya yi laifi, sai dai gatsalinsa bai mai da cutar ƙarya ba. Babban laifin ma a wurina na waɗanda suka shigar da makarantar wannan rawa ne a 1984, da waɗanda suka gaje su suna ganin giɓi kowace shekara suna kau da kai don kada a ce a zamaninsu aka sauka.

Hartford ba ita ta fara ba. A kan wani dutse a jihar Tennessee akwai wata ƙaramar jami'a da ake kira Sewanee. A 1899 ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka ta yi abin da har yau ake labari: ta hau jirgin ƙasa ta buga wasa 5 cikin kwana 6, da Texas, da Texas A&M, da Tulane, da LSU, da Mississippi, ta cinye su duka ba wanda ya ci ta ko ɗaya. A 1932 tana cikin waɗanda suka kafa gungun SEC, wanda a yau yana cikin mafiya arziki a ƙasar. Amma zamani ya juya, manyan jami'o'in gwamnati suka fi ƙarfinta, ta buga wasa 37 a gungun ba ta ci ko ɗaya ba. A 1940 shugabanta Alexander Guerry ya fitar da ita. Lalle a lokacin an sami masu cewa ya zubar da girman kakanni. Ga Sewanee nan har yau, tana Rukuni na Uku, ɗalibanta suna wasanninsu, ta kuma fitar da masu cin sukolashif ɗin Rhodes na zuwa Oxford fiye da 20. Jami'ar Chicago ma, da duk arzikinta, ta ajiye ƙwallon Amurka a 1939, da ta dawo da ita daga baya kuwa a sahun ƙanana ta dawo da ita, kuma ban ji wanda ya ce darajar digirinta ta ragu ba.

Abin da ya biyo bayan 2021 ya ƙara nuna inda iska ta dosa. Tun daga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu, aka kuma sassauta musu canza makaranta, saboda haka duk yaron da ƙaramar jami'a ta raina ya yi fice, shekara mai zuwa babba za ta ɗauke shi. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya a California, Claudia Wilken, ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ni ban ƙi a biya yaran ba, haƙƙinsu ne da aka daɗe ana ci. Amma wace ƙaramar jami'a ce za ta iya wannan ciniki? Har ma an zaftare wani kaso na abin da NCAA ke raba wa ƙananan don biyan wancan bashi, bashin da manya suka fi cin moriyarsa. A Maris na 2023 Kwalejin St. Francis ta Brooklyn ta ba da sanarwar rufe sashen wasanninta gaba ɗaya. A Maris na 2025 wata mai irin sunan, Jami'ar Saint Francis ta Pennsylvania, ta shiga Babbar Rawa karo na farko tun 1991, Alabama State ta ci ta 70 da 68, bayan mako ɗaya ta ce ita ma ta nufi Rukuni na Uku. Wanda ya sauka da ƙafarsa kamar Hartford ya tsira da filayensa da ƙungiyoyinsa. Wanda ya jira sai da rufi ya faɗo, kamar ta Brooklyn, ko ƙwallo ɗaya bai fita da ita ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ni maƙiyin wasa ne. Ina son wasa, kuma na san jikin da ba ya motsi ƙwaƙwalwarsa ma takan yi tsatsa. Abin da nake ƙi shi ne a mai da jami'a 'yar rakiyar kasuwar talabijin, a sa ɗalibai dubu shida su yi dakon mutum goma sha uku. A Rukuni na Uku ana gasa ta gaske, ana cin kofi, ana kuka in an sha kashi, amma da maƙwabta ake yi, a je a mota a dawo a kwana a gida, gobe a shiga aji. Taɓa kiɗi taɓa karatu ke nan, kuma shi ya dace da wurin da aka gina don ilmi. Abokina har cewa ya yi da ma jami'o'inmu su kwaikwayi tsarin Amurka. In kwaikwayon za a yi, to a ɗauko wannan, a gyara filayen da kowane ɗalibi zai shiga, mace da namiji, a bar musu Haukan Maris ɗinsu.

Kai kuma abokina, na san burinka, kuma ina yi maka fatan alheri. In Allah ya sa wata rana takarda ta zo maka daga wata ƙaramar jami'ar Amurka, kafin ka tambayi rukunin da take, ka tambayi abin da zai sami karatunka in ka karye a shekarar farko, ka tambayi nawa ne cikin 'yan wasanta suke gamawa da digiri, kuma a wane fanni. In sun yi maka hanya-hanya, ka san inda aka dosa.

A nan zan dasa aya. Shafukan mujallar nan a buɗe suke, wanda ya ga ba haka ba sai ya ɗauko alƙalaminsa a fitowa ta gaba, amma don Allah ya zo da lissafi, domin ihu kam na sha shi a ɗaki. Allah ya sa mu dace, amin.